KUMBURIN HANTA: YAƘIN DA AKE YI CIKIN JIKI BA TARE DA MAI JIKIN YA SANI BA

Mafoni tana cikin tsofaffin unguwannin Maiduguri. Tana nan tun kafin Shehu Abubakar Garbai ya kafa fadarsa a Yerwa cikin shekarar 1907, kuma a can ne sojan Ingila suka yi sansani a farkon zuwansu ƙasar Barno. A wannan unguwa, kamar dai a Kano ko Katsina ko Sakkwato, idan aka ce wane yana ciwon hanta, abin da jama'a ke dubawa shi ne idanunsa. In sun yi rawaya sai a ce shawara ce, a shiga neman saiwa da ɓawon itace. In kuwa idanu fari ne tas, mutum yana cin tuwonsa yana zuwa kasuwa, to ba wanda zai yarda cewa akwai abin da ke damun hantarsa.

A nan kuskuren yake. Binciken da Gwamnatin Tarayya ta gudanar a faɗin ƙasa cikin shekarar 2018 ya nuna cewa cikin kowane mutum 100 masu shekara 15 zuwa 64, kimanin 8 suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, ɗaya kuma yana da alamar nau'in C. Wannan lissafi ne na ƙasa baki ɗaya, amma ya isa ya nuna cewa da wuya a sami sahun salla ko zauren ɗaurin aure da babu mai ɗauke da ita a ciki. Galibinsu ba su sani ba, idanunsu kuwa fari ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da nau'in B a duniya, miliyan 50 kuma nau'in C, waɗanda suka rasu saboda ciwon hanta irin na ƙwayar cuta a wannan shekara kuwa sun kai miliyan 1.3.

Domin a gane yadda cuta za ta zauna shekara 20 ko 30 a jikin mutum tana ɓarna shiru, wajibi ne a san abin da likitoci ke kira kumburi, da kuma irin saƙonnin da ƙwayoyin jiki ke aika wa juna.

HANTA DA MASU GADINTA

Hantar babban mutum ta kai nauyin kilo ɗaya da rabi, tana kwance a gefen dama ƙarƙashin haƙarƙari. Cikin kowane minti jini kimanin lita ɗaya da rabi ke ratsa ta. Kashi uku cikin huɗu na wannan jini daga hanji da saifa yake zuwa ta wata babbar jijiya. Watau duk abin da mutum ya ci ko ya sha, da abinci da magani da jiƙo da guba, sai ya bi ta hanta kafin ya isa sauran jiki. Ita ce ke tace shi, ta ajiye sukari, ta haɗa sinadaran da ke sa jini ya daskare a bakin rauni, ta kuma fitar da ruwan matsarmama.

Tun da yake hanta ƙofar gari ce, Allah ya sanya mata masu gadi. Jikin ƙananan hanyoyin jininta akwai waɗansu ƙwayoyi masu haɗiye duk baƙon abin da ya zo wucewa. Ana kiransu ƙwayoyin Kupffer, don tunawa da wani masani Bajamushe wanda ya yi bayanin ƙwayoyin hanta cikin 1876. Aikinsu yana da wuya, domin kullum jinin hanji yana kawo ɓurɓushin ƙwayoyin cuta marasa lahani tare da abinci. Da za su tayar da hankali a kan kowane ɓurɓushi, da hanta ba ta huta ba ko yini guda. Saboda haka masu gadin hanta masu kawaici ne, sun fi na sauran sassan jiki haƙuri. Wannan kawaici alheri ne, amma shi ne kuma ƙofar da waɗansu cututtuka ke bi su sami wurin zama.

KURURUWA DA GANGAMI

Kowa ya taɓa ganin kumburi. In ƙaya ta soki ƙafa, wurin sai ya yi ja, ya ɗauki zafi, ya tashi, ya yi ciwo. Waɗannan alamu huɗu wani marubuci Barume mai suna Celsus ya lissafa su tun kusan shekara 2,000 da suka wuce. Ba ƙayar ce ta kawo su ba. Jiki ne ya buɗe hanyoyin jini a wurin domin fararen ƙwayoyin jini, watau mayaƙansa, su iso da sauri. Kumburi ke nan, kuma in ba don shi ba da ƙaramin rauni ya isa ya kashe mutum.

To, ta yaya mayaƙan ke sanin inda ake nemansu? Ƙwayoyin jiki ba su da baki, amma suna magana da juna ta hanyar waɗansu sinadarai 'yan ƙanana da suke saki cikin jini. Masana suna kiransu saitokin, ma'anarsu dai 'yan saƙo. Ƙwayar da cuta ta shiga takan saki wani ɗan saƙo mai suna intaferon, wanda aka gano a birnin Landan cikin 1957. Shi kamar kururuwa ne cikin dare: maƙwabta su ji su kulle ƙofofinsu. Akwai TNF, wanda masu gadin hanta ke saki in sun ga abin ya fi ƙarfinsu, shi kuwa gangami ne na kiran yaƙi. Akwai IL-6, wanda ke taimakawa wajen kawo zazzaɓi da kasala. Yawancin abin da majiyyaci ke ji, da ciwon jiki da ƙin abinci da tashin zuciya, aikin waɗannan 'yan saƙo ne. Har ila yau akwai waɗanda ke ɗauke da saƙon sulhu, irin su IL-10, masu cewa yaƙi ya ƙare, kowa ya koma gida. Lafiya tana tabbata ne in saƙon yaƙi ya zo da wuri, saƙon sulhu kuma ya biyo baya a kan kari.

Jihar Barno ta ga misalin gajeren yaƙi irin wannan. Cikin 2017 ciwon hanta nau'in E ya ɓarke a ƙananan hukumomin Ngala da Mobbar da Monguno, bayan ya bayyana a yankin Diffa ta Jamhuriyar Nijar. Wannan nau'i ta gurɓataccen ruwan sha yake shiga. Mai shi yakan yi zazzaɓi da amai, fitsarinsa ya yi duhu, idanu su yi rawaya. Dalilin rawayar shi ne, in jajayen ƙwayoyin jini suka tsufa suka fashe, sukan bar wani launi ruwan ɗorawa wanda hanta ke kwashewa ta zuba cikin ruwan matsarmama. In hanta ta kumbura ba ta iya kwashe shi, sai ya taru a jini har ya fito a ido. Ashe shawara alama ce, ba ita ce cutar ba. Galibin masu nau'in E suna warkewa cikin makonni, sai dai mata masu ciki, waɗanda in ta kama su a watannin ƙarshe tana iya kashe ɗaya cikin huɗu ko cikin biyar. Saboda haka duk lokacin da ruwa ya ci gari, kamar yadda ya faru a Maiduguri ran 10 ga Satumba, 2024, sa'ad da madatsar Alau ta ɓalle, tafasa ruwan sha ko sa masa kulorin wajibi ne, musamman a gidan da ke da mai juna biyu.

BAƘON DA BA YA KISA DA HANNUNSA

Labarin nau'in B dabam ne. Wani likita Ba'amurke, Baruch Blumberg, shi ne ya fara gano alamar ƙwayar cikin jini a 1965, aka kuma ba shi lambar yabo ta Nobel a 1976. Abin mamakin da bincike ya bayyana daga baya shi ne, ita wannan ƙwaya ba ta kashe ƙwayoyin hanta da kanta. Shiga take yi ta zauna, ta ajiye kwafin kanta a can ƙuryar ƙwayar hanta, ta yi ta hayayyafa. Mai rushe ɗakin shi ne mayaƙin jiki.

Sai a misalta da ɓarawon da ya shiga gida ya ɓuya cikin ɗaki. Dogarai ba su da hanyar fito da shi sai su rushe ɗakin a kansa. Haka fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin T suke yi: duk ƙwayar hantar da ta nuna alamar baƙo a cikinta, kashe ta suke yi. In babban mutum ne ya kamu, dogaransa gogaggu ne. Sukan taso gaba ɗaya, a yi ta ta ƙare cikin watanni kaɗan. Wataƙila ya yi shawara ya sha wuya, amma fiye da 95 cikin 100 suna rabuwa da cutar. Hanta kuwa tana da baiwar da sauran gaɓoɓi ba su da ita, tana sake gina ɗakunan da aka rushe.

In kuwa jariri ne ya kamu wajen haihuwa, al'amarin ya juya. Garkuwar jikinsa ba ta gama koyon rarrabe ɗan gida da baƙo ba, sai ta ɗauki ƙwayar tamkar 'yar gida. Kimanin 9 cikin 10 na irin waɗannan jarirai suna zama da ita har tsufa. Yaran da suka kamu kafin shekara 5 kuwa, kimanin 3 cikin 10 ne. A ƙasashen Afirka ta Yamma galibin masu ɗauke da cutar tun suna ƙanana suka same ta, ko daga uwa, ko daga sauran yara ta hanyar ƙuraje da raunuka, ko ta askar da aka yi wa wani kaciya ko tsaga ko cire beli da ita ba a tsabtace ba. Wannan ya kamata ya zama tsawatarwa ga masu saurin zargi. Mace ko namijin da gwajin kafin aure ya nuna yana da nau'in B, mai yiwuwa ne tun yana goye ya same shi. Kuma ba a ɗaukarsa ta gaisawa, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko zama kan tabarma guda.

Yaron da ya tashi da ƙwayar yakan yi shekaru lafiya lau, jininsa cike da ita amma ba faɗa. Sa'an nan, yawanci yana saurayi ko ya fara zama magidanci, dogarai su farga. Sai dai farkawar ba ta cika ba. Suna kai hari, amma ba da ƙarfin da zai kori baƙon ba. Da yake kullum suna ganin abokin gaba ba hutu, ƙwayoyin T sukan gaji, ƙarfinsu ya ragu, amma 'yan saƙon yaƙi ba su daina fita ba, suna ta kiran waɗansu mayaƙa marasa saiti waɗanda ke bugun mai laifi da marar laifi. Yau a rushe ɗaki goma, gobe a gina tara. Haka za a yi ta yi shekara da shekaru. Ita kuwa tsokar hanta ba ta da jijiyoyin jin zafi a cikinta, sai a fatar da ta lulluɓe ta. Shi ya sa mai gidan ba ya jin komai.

DAGA KUMBURI ZUWA TABO

Akwai waɗansu ƙwayoyi masu siffar tauraro da ke kwance tsakanin hanyoyin jini da ƙwayoyin hanta. Wani masani ɗan ƙasar Japan, Toshio Ito, ya yi bayaninsu cikin 1951. A zaman lafiya aikinsu ajiyar bitamin A ne kawai. Amma in kumburi ya daɗe, masu gadi sukan aika musu da wani ɗan saƙo mai suna TGF-beta, ma'anarsa a zo a yi faci. Sai su watsar da ajiyarsu su shiga saƙa zare mai tauri, irin wanda ke zama tabo a fata bayan ƙuna.

Faci ɗaya ba laifi. Amma facin shekara 20 yakan mamaye gidan. Hanta mai laushi ta koma ƙudu-ƙudu, ta yi tauri, ta motse. Wannan shi ne ƙanƙancewar hanta, wanda likitoci ke kira sirosis. Jinin da ke zuwa daga hanji ba ya samun hanya, sai ya koma baya. Saifa ta kumbura, ciki ya tara ruwa, ƙafafu su tashi, jijiyoyin maƙogwaro su cika har wata rana su fashe mutum ya yi aman jini. Gubar da hanta ta kasa tacewa ta hau kai, majiyyaci ya riƙa barci da rana yana sambatu. A wannan mataki ne da yawa ake cewa sammu ne ko jifa, a yi ta yawo da mutum, sai can a kai shi asibiti.

Ɗaya ƙarshen kuwa ciwon daji ne. Ƙwayar da ake tilasta wa haihuwa sau dubbai cikin hayaƙin yaƙi, wata rana za ta yi kuskure wajen kwafe umarnin halittarta. Ga shi kuma ƙwayar nau'in B tana cusa guntayen kanta cikin wannan umarni, shi ya sa tana iya jawo daji ko hanta ba ta kai ga ƙanƙancewa ba. A Turai dajin hanta ciwon tsofaffi ne. A Afirka ta Yamma kuwa yana yawan kama maza masu shekara 30 zuwa 50, watau lokacin da iyali suka fi dogara da su.

MASU ƘARA WA WUTA ITACE

Na farko funfuna ce. Gyaɗa da masarar da aka adana da danshi sukan yi wata funfuna mai fitar da guba da ake kira afalatoksin. An gano ta bayan da talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila cikin 1960 saboda cin ƙulin gyaɗa. Dahuwa ba ta kashe ta. Tana lalata umarnin halitta a ƙwayar hanta, kuma in ta haɗu da nau'in B hatsarin daji yakan ninka sau da yawa. A busar da amfanin gona sarai kafin a kai rumbu, a tsince ruɓaɓɓu da masu ɗaci a zubar, kada a ce za a yi ƙuli-ƙuli ko kunu da su don gudun asara.

Giya tana sa bangon hanji ya yi yoyo, ɓurɓushin ƙwayoyin cuta su kwararo hanta fiye da ƙima, ƙwayoyin Kupffer su buga gangami. Kitsen da ke taruwa a hantar masu ƙiba da masu ciwon sukari shi ma yana tayar da irin wannan kumburi, ko mutum bai taɓa kusantar giya ba. Akwai kuma tsutsar ruwa 'yar'uwar mai kawo tsargiya, wadda ƙwayayenta ke maƙalewa a hanta, jiki ya kewaye kowane ƙwai da tabo.

TO, DON ME BA A KWANTAR DA MAYAƘAN?

Mai karatu zai iya tambaya, tun da mayaƙan jiki ne ke ɓarnar, me ya hana a ba da maganin da zai kwantar da su? Amsa ita ce, su ne kuma ke danne baƙon. In aka ɗaure musu hannu, ƙwayar sai ta yaɗu ta cika hanta, ran da aka sake su kuwa su auka mata gaba ɗaya, har hanta ta iya tsayawa cikin 'yan makonni. Shi ya sa likita ke gwada nau'in B kafin ya fara ba mutum maganin daji ko wani magani mai danne garkuwa. Shi ya sa kuma ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda da yawansu ke ɗauke da deksametazon, suke da mugun hatsari ga mai ɗauke da cutar bai sani ba. Haka nan masu tallar maganin "ƙarfafa garkuwa" ko "wankin hanta" a bakin kasuwa da tasha, ba su da abin da ke fitar da wannan ƙwaya. Jiƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba, hantar ce dai za ta tace shi, ga ta kuwa da rauni. Ko farasitamol in aka zarce ƙa'ida yana iya kashe hanta.

Hanyar da ta tabbata ita ce a rage abokin faɗan, sai faɗa ya mutu da kansa. Magungunan tenofobir da entekabir suna hana ƙwayar nau'in B hayayyafa. Ƙwaya ɗaya ake sha a yini. In yawanta ya faɗi a jini, 'yan saƙon yaƙi sukan yi shiru, masu saƙa tabo su dakata, har jiki ya fara warware wanda aka riga aka saƙa. Wani bincike da aka buga a 2013 ya bi majiyyata 96 masu ƙanƙancewar hanta waɗanda suka sha tenofobir shekara 5, aka tarar 71 daga cikinsu sun fita daga wannan mataki. Amma maganin ba ya tumɓuke kwafin da ke ɓoye a ƙurya, don haka yawanci shansa na tsawon rai ne, kuma tsayar da shi ba da izinin likita ba yana iya tayar da kumburi mai tsanani. Nau'in C, wanda aka gano a 1989, shi ana warkar da shi ɗungum cikin mako 12 ga fiye da 95 cikin 100.

Ba kowane mai nau'in B ke bukatar magani nan take ba. Gwaji ne ke rarrabewa. Na farko ɗigon jini ne daga yatsa, mai nuna ko ƙwayar tana nan. In tana nan, sai a auna ALT, wani sinadari da ke zubowa cikin jini in ƙwayoyin hanta suka fashe, shi ne hayaƙin da ke nuna wuta tana ci. Sa'an nan a ƙidaya yawan ƙwayar, a kuma ɗauki hoton ciki. Da yake faɗan yana lafawa yana tashi, gwaji ɗaya bai isa ba, sai ana komawa duk wata 6 ko shekara gwargwadon yadda likita ya tsara. Cikin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sassauta sharuɗɗan fara magani, saboda haka wanda aka taɓa ce wa lokacinsa bai yi ba, ya dace ya koma a sake duba shi. Mutanen Mafoni da kewaye suna da Asibitin Ƙwararru na Jiha da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, inda ake ganin masu ciwon hanta. In an sami mutum ɗaya a gida, a gwada matarsa ko mijinta, da 'ya'ya, da waɗanda suke ciki ɗaya, wanda ba shi da ita a yi masa rigakafi.

Rigakafin ya shiga jerin alluran yara na ƙasa tun 2004, kyauta ne kuma a asibitocin gwamnati. Aikinsa shi ne nuna wa garkuwar jariri hoton baƙon tun kafin ya iso, don kada ta ɗauke shi ɗan gida. Allurar farko cikin awa 24 da haihuwa ake yin ta, sauran kuwa a mako na 6 da na 10 da na 14. Mace mai ciki ta nemi a gwada ta wajen awo, domin in ƙwayar ta yi yawa a jininta ana ba ta magani tun kafin ta sauka. In an haihu a gida, a hannun ungozoma, kada a ce sai bayan suna ko sai mai jego ta yi arba'in. Uba ko kaka ta ɗauki jaririn a ranar ta kai shi ɗakin shan magani mafi kusa, a kuma karɓo katinsa a ajiye.